Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Maganar Kacalla Da Tauraron Ɗan Adam

Kwanan baya aikin duba makarantu ya kai ni kudancin Kano, na bi ta Bebeji da Kiru, na kwana biyu a Ƙafin Maiyaki kafin in wuce Tudun Wada da Doguwa. A daren farko muna zaune da malamai a ƙofar makaranta bayan sallar lisha, sai hira ta zaga ta faɗa kan ruwa, gama tafkin Tiga ba shi da nisa da garin. Wani malami ya ce ya ji a rediyo wai akwai wata na'ura a sararin sama wadda ke ganin ciyawar ruwa ko da dare ne, ko cikin hadari, ya tambaye ni ko gaskiya ne, ko kuwa irin zancen nan ne na 'yan birni. Kafin in buɗe baki sai wani dattijo cikinsu ya ce, "Malam, ko da gaskiya ne, mu ina ruwanmu? Kacalla ai masifar mutanen Haɗeja ce da Nguru. Mu nan ruwanmu garau ya ke."

Na yi ta juya maganganun nan biyu a raina har na komo gida, na ga ya kamata in amsa su a fili cikin jarida, don na tabbata ba su kaɗai ke da wannan tunani ba. Amsar tambayar farko ita ce, gaskiya ne, na'urar tana nan, tana wucewa bisa kanmu ba mu sani ba. Amsar ta biyu kuwa, ruwanmu ne ƙwarai, domin ruwan da ke shayar da kacallar Haɗeja daga ƙofar gidanmu ya ke tashi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ya kamata hukuma ta yi amfani da wannan na'ura ba da ɓata lokaci ba, amma kada a bar hotunanta su ƙare a ofisoshin Abuja da Kano. A sauko da su hannun malaman ofis da malaman makaranta da ke zaune kusa da ruwan, su zama littafin lissafi wanda kowa zai iya dubawa.

ASALIN AL'AMARIN

Kogin Kano yana tasowa daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada, ya nufo arewa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse shi a Tiga, aka fara aikin a 1971, aka gama a 1974. Tsawon madatsar ya kusa mil 4, tafkin kuwa an tsara shi ya rufe kimanin eka 44,000 in ya cika. Ba mai musun alherin da ya kawo. Da ruwansa a ke noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda shinkafa da alkama da tumatir suka mai da talakawa da yawa masu rufin asiri, kuma birnin Kano na sha daga gare shi. A 1992 aka gama wata babbar madatsa a kan kogin Calawa, a ƙasar Ƙaraye. Kogunan nan biyu suna haɗuwa kudu da birni, su bi ta Wudil da Ringim su zama kogin Haɗeja, wanda ke bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan ragowarsa ta bi ta Gashuwa zuwa tafkin Cadi. Watau yau mafi yawan ruwan da ke isa Haɗeja sai wanda aka buɗe masa ƙofa a Tiga da Calawa.

To, kafin a yi madatsun nan kogin yana da nasa tsari wanda Allah ya yi masa. Cikin Agusta da Satumba ya kan cika ya tumbatsa, ya share ƙasar da ta taru a hanyarsa, ya malale fadama. Manomi ya shuka shinkafa cikin ambaliya, in ruwa ya janye ya bi bayansa da wake da kayan lambu, masunci ya kama kifin da ya ƙyanƙyashe cikin malala, Bafillace ya kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa da rani. In bazara ta yi, kogi ya koma rairayi, sai an tona a sami ruwa. Kacalla tana nan tun wancan zamani, tsofaffi sun san ta da sunan shalla, ana yankan ta a yi asabari da rufi. Amma ba ta wuce 'yan lunguna ba, gama ko wace shekara rani ya kan busar da ƙasar da ta ke kai, ya tsai da ita.

Da aka datse kogunan sai abu biyu suka sake. Ambaliyar damina ta ragu, ba ta da ƙarfin share hanya kamar dā. Da rani kuma ana sakin ruwa kullum saboda noman rani da shan birni, saboda haka wuraren da dā su ke bushewa sun zama ba su rabuwa da laima. Abin da kacalla ke nema ke nan, ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, ga laka, ga kuma ragowar takin zamani da ruwa ke kwasowa daga gonaki. Tana yin tsawo ta wuce mutum nesa, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fid da sababbin tsirai, kanta guda ɗaya kuwa, mai kama da zangarniyar gero, yana ɗauke da iri fiye da 100,000 waɗanda iska ke watsawa kamar auduga. Ashe 'yar gida ce ta sami sake ta gagari masu gida.

Ɓarnarta ba ɓoyayya ba ce. In ta tsaya cikin hanyar ruwa sai gudunsa ya ragu, laka ta kwanta, hanya ta cushe, ruwa ya nemi wata. Ta haka ruwa ya karkata ya yi yawa a mashigin Marma da tafkin Nguru, ya zauna bisa gonakin mutane shekara da shekaru, alhali kuwa mutanen Burum Gana da na tsohuwar hanyar kogin Haɗeja suna kukan rashinsa. Kwalekwale ba ya ratsa ta, koma da taru ba su shiga cikinta. Jan baki ya sami masauki, ya kwana a ciki da dare, da safe ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa. Sauro ya sami gida, haka nan 'yar katantanwar nan da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Duk malamin da ya koyar a ƙauyen bakin ruwa ya san abin da zazzaɓi da tsargiya ke yi wa rajistar aji. Kada kuma mu ce abin yana can nesa, gama wanda ya bi magudanan ruwa da ƙananan matattarai na aikin noman Kadawa da Kura ya ga kacalla tsaye a ciki da idonsa.

Akwai kuma wata, ita baƙuwa ce sosai. Kainuwar da muka sani, wadda a kan ce dashen Allah, tamu ce tun fil azal. Amma akwai wata irin kainuwa mai kumburarren wuya da fure shuni-shuni, asalinta daga kogin Amazon na Amurka ta Kudu. Tana yawo bisa ruwa, in ta sami wuri mai daɗi ta kan ninka kanta cikin mako biyu. A 1984 ta shigo Nijeriya ta wajen Badagiri, kafin ƙarshen shekarun 1980 ta sauko ta kogin Kwara ta shiga tafkin Kainji, ta dami masuntan Yawuri. A tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas, wanda ƙasashen Uganda da Kenya da Tanzaniya suka kewaye, ta bayyana wajen 1989, zuwa 1998 ta rufe fiye da eka 40,000, watau kusan faɗin tafkin Tiga duka. Ta toshe tashoshin jiragen ruwa, ta hana su, ta riƙa cushe injunan wutar lantarki na Jinja. Sai da aka kawo waɗansu ƙwari masu cin ta daga ƙasarta ta asali aka saki, sa'an nan ta lafa. Kacalla ba ta son zurfi, saboda haka tsakiyar Tiga ya fi ƙarfinta, amma ita wannan baƙuwa zurfi bai dame ta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA NA'URAR KE GANI

Babbar wahalar yaƙi da ciyawar ruwa ita ce rashin sanin iyakarta. Mutum a kwalekwale ba ya ganin abin da ke bayan kacallar da ke gabansa. Fadamun Haɗeja da Nguru kuwa sun ratsa jihohi, ba wanda zai zaga su da ƙafa cikin wata guda. Saboda haka aka koma ga taurarin ɗan Adam, watau injunan da a ke harbawa sama su riƙa kewaya duniya suna ɗaukar hoto. Amma yawancinsu kamara ce irin ta mai hoto, sai da hasken rana, kuma gajimare yana rufe mata ido. Ga shi kuwa lokacin da ciyawa ta fi yaɗuwa, watau damina, shi ne lokacin da sama ke rufe, in damina ta wuce kuma hazo ya karɓa.

A nan ne na'urar rada ta yi fice. Rada na ce, ba raɗa ba, ko da ya ke ita ma aikinta a ɓoye ya ke. Ba ta jiran hasken rana, da nata ta ke tafiya. Tana aiko da igiya irin ta rediyo zuwa ƙasa, sa'an nan ta saurari abin da ya komo mata, kamar yadda jemage ke yin tsuwa cikin duhu ya ji amsa kuwwa ya san inda bango ya ke. Igiyar gidan rediyo da mita a ke auna ta, kamar mita 49 ko mita 31 da muka saba murɗawa. Ta wannan rada kuwa ba ta kai santimita 6 ba, amma duk da haka ta fi ɗigon gajimare da ƙurar hazo girma nesa, saboda haka tana ratsa su kamar babu.

Yadda ta ke rarrabe ruwa da ciyawa kuwa, ko yaro zai gane in an gwada masa. A ɗauki tocila da dare a haska madubi a karkace, hasken zai zame ya tafi can gaba, ba zai komo idon mai haskawa ba. A haska kan ƙaiƙayi ko buntu, sai a ga wurin ya yi fari, don ko wane ɗan tsinke yana mai da haske baya. Ruwa kwantacce madubi ne ga rada, saboda haka a hoto baƙi ƙirin ya ke fitowa. Ganyen kainuwa da ya rufe ruwa kuwa ya kan watsa igiyar, wata ta komo, sai wurin ya yi haske. Karan da ke tsaye cikin ruwa, irin na kacalla, ya kan ƙara wani abu, gama igiya ta kan bugi ruwa ta yi tsalle ta bugi kara ta komo inda ta fito, kamar ƙwallon da aka jefa a gindin bango. In aka jera hoton wannan wata da na watan jiya da na bara, sai a ga inda fari ke cin baƙi, a auna ko eka nawa ya ci.

Ƙasashen Turai suna da taurari masu wannan aiki, ana kiransu Sentinel-1. An harba na farko ran 3 ga Afrilu, 2014, na biyu a 2016, wanda ya lalace a Disamba 2021, aka harba na uku a Disamba 2024. Suna tafiya kimanin mil 430 bisa ƙasa, ko wane ɗaya yana ɗaukar fili mai faɗin mil 155 a wucewa guda, kuma yana komowa kan hanyarsa ta farko bayan kwana 12. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, hotunan kyauta ne ga duk mai kwamfuta da intanet, kuma na shekarun baya suna nan a ajiye. A ƙasar Indiya, a jihar Kerala, masana na Jami'ar Stirling ta Sikotilan da abokan aikinsu sun yi amfani da su wajen bin sawun baƙuwar kainuwa a tafkin Vembanad, inda damina ke rufe sama wata da watanni, suka buga sakamakon a 2022. Lissafin tafkin Biktoriya da na ambata ɗazu ma da hotunan sama aka yi shi, har da na rada.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan fasaha. A 1976 da 1977 Gwamnatin Tarayya ta sa aka zaga Nijeriya da jirgin sama mai ɗauke da rada don zana taswirar dazuzzuka da gonaki, saboda gajimare da hazo sun hana kamara. Muna da hukumar binciken sararin sama tun 1999, da cibiyarta ta nazarin hotunan sama a Jos. Taurarin ɗaukar hoto da Nijeriya ta harba a 2003 da 2011 masu kamara ne, amma ilimin karanta hoton rada akwai shi a ƙasar nan, a Jos da jami'o'inmu.

ABIN DA BA TA IYA BA

Ba na so in yi wa masu karatu zaƙin baki irin na mai tallan magani. Na'urar nan tana da iyaka. In iska ta kaɗa ruwa ya yi tsuguni-tashi, madubin nan ya fashe, sai wurin ya yi haske kamar akwai ciyawa alhali babu. Hoto guda ba ya faɗa maka ko wannan farin kacalla ne, ko shinkafa, ko burgu. Sai an bi shi wata da watanni, a ga wanda aka girbe ya ɓace, da wanda ya zauna rani da damina. Abin da bai kai faɗin yadi 20 ba da wuya ya fito sosai, saboda haka ƙananan magudanan gonaki sun fi ƙarfin idonta. Ciyawar da ke nutse a ƙarƙashin ruwa kuwa ba ta ganinta ko kaɗan.

Ma'anar wannan ita ce, tilas a sami mutum a ƙasa wanda zai je wurin da hoto ya nuna, ya duba, ya ce wannan kacalla ce, wannan gonar shinkafa ce. Masana da kansu ba su amince da taswira sai an gwada ta da abin da ido ya gani a wurin. Kuma ko taswirar ta yi daidai, ba ta taɓa cire ko kara ɗaya ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Har yanzu sai an shiga da lauje an yanke kacalla a ƙarƙashin ruwa don saiwarta ta rasa numfashi ta ruɓe, ko a kawo injin haƙa ya buɗe hanya, kamar yadda mutanen ƙauyukan fadama suka daɗe suna yi da gayya, ruwa har ƙirji.

ABIN DA NA KE GANI YA KAMATA

Na farko, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kuma ita ke riƙe da mabuɗin Tiga da Calawa, ta haɗa kai da cibiyar Jos da jami'o'in Kano da Dutse da Gashuwa, a riƙa fid da taswira ko wane wata, tun daga bakin dajin Falgore har Gashuwa. A buga ta da sunayen garuruwa da mashigai yadda mutanen wurin ke kiransu, da bayani cikin Hausa, a aika wa ko wace ƙaramar hukuma da ko wane hakimi da ke bakin ruwa, a manna a allon sanarwa. Taswirar da ba ta fita daga kwamfutar masani ba, daidai ta ke da wasiƙar da aka rubuta ba a sa a gidan waya ba.

Na biyu, a buɗe littafi a makarantun bakin ruwa. A zamanin En'e akwai ma'aunin ruwan sama a hedkwatar gundumomi, malami ya kan duba da safe ya rubuta, kuma da waɗannan 'yan rubuce-rubuce masana ke sanin daminar shekarun da suka wuce. Haka za a yi a nan. Ko wace makaranta a ba ta wurare uku ko huɗu sanannu a gaɓa, ranar da tauraro zai wuce malami ya je da manyan 'yan aji, su tsaya a tudu, kada yaro ya sa ƙafa cikin ruwa saboda tsargiya, su rubuta abin da ke wurin, da ko akwai iska, a ɗauki hoto da waya a aika. Ba a bukatar kuɗi mai yawa, yara kuma sun koyi labarin ƙasa da lissafi a aikace, abin da ya fi haddar sunayen kogunan da ba za su taɓa gani ba.

Na uku, kuma a nan malaman ofis za su fi gane ni, a ɗaure biyan kuɗin share ciyawa da hoto. An kashe kuɗi mai yawa kan gyaran ruwan nan. A 2006 jihohin da kogin ya ratsa suka kafa asusu na musamman dominsa, a 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don gyaran manyan ayyukan noman rani na Arewa, har da na kogin Kano da na kwarin Haɗeja. Ban ce wani ya ci ko kwabo ba. Abin da na ce shi ne, malamin da a ka kawo wa takarda cewa an share mil kaza na hanyar ruwa a tsakiyar fadama ba shi da hanyar tabbatarwa, sai ya sa hannu bisa amana. Yanzu ga shaida wanda ba ya karɓar goro. A ajiye hoton kafin aiki, da na bayan aiki, da na bayan shekara guda, a lika su jikin takardar biya. Ɗan kwangila mai gaskiya zai yi murna da wannan, gama shi ma ya sami mai wanke shi.

Na huɗu shi ne mafi wuya. Tun da rashin bushewa ne ya ba kacalla ƙarfi, masana sun daɗe suna ba da shawara a tsara sakin ruwa daga madatsun yadda zai yi kama da tsarin kogi na dā, a saki da ƙarfi a lokacinsa, a kuma rage ƙwarai na wani lokaci da rani don ƙasa ta sha iska. Faɗi ya fi yi sauƙi. Mai alkama a Kadawa yana son ruwa cikin sanyin hunturu, mai tumatir yana so har bazara, birnin Kano ba ya yin kwana guda ba sha. Ba na cewa a hana wa ɗaya don a ba ɗaya. Amma muddin ba lissafi, ko wane ɓangare da ƙarfin murya zai yi gardama, mai kusa da hukuma ya rinjayi na nesa. In akwai taswirar shekara goma a gaban kowa, ana ganin abin da sakin ruwa na wata kaza ya haifar a Marma, to, an sami abin zama a kai a yi sulhu.

Na biyar, makarantun horon malamai su sa karatun taswira da hoton sama cikin darasin labarin ƙasa. Mako biyu ya isa a nuna wa ɗalibi yadda zai gane tafki da gona da gari a hoton rada. Na shida, masuntanmu da ke kai da kawowa tsakanin Tiga da Yawuri da sauran ruwaye su riƙa wanke kwalekwale da shanya taru kafin su sa a sabon ruwa, sarakunan ruwa su tsaya a kan wannan, gama ɗan tsiro guda da ya maƙale ya isa ya zama iri. In kuwa ta shigo duk da haka, hoton wata-wata zai nuna ta tun tana 'yar tabarma a wani lungu, lokacin da mutum ashirin za su kwashe ta da hantsi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

MASU SUKA

Na san za a ce, kuɗin da za a ɓata wajen taswira gara a sayi injin haƙa. Amsata ita ce, hoton kyauta ne, abin da za a kashe na horon mutane ne da takarda, bai kai kuɗin man injin guda na 'yan watanni ba. Injin da ba a san inda ya fi dacewa a kai shi ba kuwa, sai ya tafi inda mai faɗa a ji ya nuna.

Za a ce kuma tauraron na wasu ne, ran da suka ga dama su rufe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, lalacewar na biyu a 2021 ma ta rage yawan hotunan da duniya ke samu har shekara uku. Amma wanda ya ƙi koyon hawa da dokin aro, ran da ya sami nasa ba zai iya ba. A Yuli 2025 Amurka da Indiya suka harba wani tauraron rada na haɗin gwiwa mai suna NISAR, wanda igiyarsa ta fi tsawo, ta fi ratsa ganye, shi ma an yi alkawarin ba da hotunansa kyauta. Ƙofofi suna ƙaruwa, masu shiga muka rasa.

Akwai kuma tsoron da talaka ba ya faɗi a gaban hukuma, watau kada a ce ana ƙidayar ciyawa, ashe gonarsa a ke aunawa don a aza masa kuɗi. Wanda ya san tarihin haraji da jangali ba zai yi wa wannan tsoro dariya ba. Maganinsa shi ne a yi kome a fili. In taswira tana manne a ƙofar hakimi, malamin makarantar garin ne ke bayaninta, ɗan manomin ne ya rubuta abin da ke gaɓa, zargi ba zai sami wurin zama ba.

Na komo ga dattijon nan na Ƙafin Maiyaki. Baba, gaskiyarka, ruwanku garau ya ke, Allah ya bar muku shi haka. Amma ruwan da ya wuce ta ƙofar Tiga bai zama na wani ba don ya sha kwana. Mu na sama mun ci amfanin madatsa shekara hamsin, na ƙasa sun ɗauki kaso mai nauyi na wahalarta, kuma 'yan'uwanmu ne, da su muke haɗuwa a kasuwa da aure. Mafi ƙanƙantar hakkinsu a kanmu shi ne mu yarda a auna abin da ke faruwa, mu sa hannu cikin awon, mu kuma karɓi abin da awo ya nuna ko da bai yi mana daɗi ba. Ina roƙon malamai 'yan'uwana da ke kusa da ruwa, kada su jira takarda daga sama. A sami littafi guda, a ja layi, a rubuta kwanan wata da sunan mashigi da abin da aka gani, tun daga wannan wata. Ran da masu taswira suka zo neman shaida, su tarar mun riga mun fara.

Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari, ya tsare mana ruwanmu da gonakinmu, amin.